Kallon Baƙo a Jirgin Monorel na Kuala Lumpur

Ranar da na fara shiga jirgin monorel na birnin Kuala Lumpur ban fito da niyyar nazarin sufuri ba. Abin da ya kai ni ƙasar Malesiya shi ne bikin kammala karatun ɗan ƙanwata, abin da kuma ya fitar da mu daga masauki a wannan yammaci shi ne neman kwamfutar tafi-da-gidanka a kasuwar kayan lantarki ta Low Yat. Yaron ya shekara huɗu a garin, ya san lunguna da lokutan cunkoso, sai ya ce da ni, “Kawu, idan muka shiga mota yanzu a hanya magariba za ta same mu, gara mu bi ta sama.” Na ɗauka zolaya ce irin ta ɗa da kawunsa, sai da muka ratsa wani katafaren kanti da ke manne da babbar tashar KL Sentral, muka hau matakala mai tafiya da kanta, muka ɓullo a wani dandamali da ke saman titi, sannan na yarda cewa da gaske yake.

Na'urar sayar da tikiti ba takarda ta ba ni ba, wani ɗan faifan roba ne shuɗi mai kama da tsohon kwabo. Ƙa'idarsa ita ce a kara shi a goshin ƙofa lokacin shiga, a adana shi har ƙarshen tafiya, sannan a jefa shi cikin ramin ƙofar fita. Ni kuwa na tsaya ina lalube tun a wajen shiga, ina neman ramin da babu shi, mutane suka taru a bayana ba tare da wani ya yi tsaki ba, har wata dattijuwa mai lulluɓi ta nuna mini wurin da babban yatsanta, kamar yadda mutanen can suke nuni idan suna son girmama mutum. Na yi godiya da kai, na wuce da kunyata.

Da muka tsaya jira, abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rashin layin dogo irin wanda na sani. Duk wanda ya taso yana ganin jirgin ƙasa ya san ƙarafa biyu ne a shimfiɗe, da tsakuwa a tsakaninsu. A nan kuwa gungumen siminti ne guda ɗaya, dogo, faɗinsa bai kai mita ɗaya ba, an ɗora shi a kan ginshiƙai, ƙarƙashinsa babu komai sai motoci da kawunan mutane. Jirgin da ya iso ya hau gungumen ne kamar yadda mahayi yake zama a kan doki, ƙafa nan ƙafa can, kuma da tayoyin roba yake tafiya, wasu a saman gungumen suna ɗauke da nauyi, wasu a gefe da gefe sun rungume shi don kada ya goce. Ma'anar sunan ke nan, dogo guda. Na tsaya a kan wannan ne saboda a wurinmu duk jirgin da aka ɗaga sama akan kira shi monorel, har da jirgin Masha'ir da yake jigilar alhazai tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa tun aikin Hajjin 2010, alhali wancan jirgin ƙasa ne na ainihi mai ƙarafa biyu, gada kawai aka gina masa.

Ba zan ɓoye ba, tafiyar ta burge ni ƙwarai da gaske. Jirgin ya tashi daga unguwar Brickfields, inda 'yan asalin Indiya suka fi yawa, ya bi gefen kogin Klang, ya sha wata kwana da ta sa na damƙe ƙarfen riƙewa da hannu biyu, domin taragon ya kwanta gefe guda kamar babur a hannun matashi. Ta taga na ga rufin wani tsohon ɗakin taron 'yan asalin Sin mai yawan ado, a bayansa ga benen Merdeka 118 mai tsawon kusan mita 679, wanda babu ginin da ya fi shi tsawo a duniya sai Burj Khalifa na Dubai, na ɗaga kai ina neman ƙarshensa har hulata ta nemi faɗuwa. Can gaba muka wuce ƙubbar masallacin Al-Bukhary, daga nan jirgin ya kutsa tsakanin benaye, kusa da kusa, har ana hango shanyar kaya a barandar mutane da ma'aikatan ofis a gaban kwamfutocinsu. A ƙasa kuwa motoci ne jere da jajayen fitilu, sun tsaya cik, mu muna wuce su ta ka. Da muka iso tashar Imbi inda ya kamata mu sauka, na ce da yaron mu zarce, kwamfuta ba guduwa za ta yi ba. Muka bi ta Bukit Bintang da Bukit Nanas da Chow Kit har Titiwangsa, ƙarshen layi, muka cika kuɗi muka juyo. Layin gaba ɗaya kilomita 8.6 ne, tashoshi 11, tafiyar kimanin minti ashirin.

A cikin wannan taragon ni kaɗai nake kallon taga. Sauran fasinjoji kowa ya sunkuyar da kai a kan wayarsa, wasu na gyangyaɗi, wata ma'aikaciyar jinya tana duba agogo tana sake dubawa. A tasha ta biyu, wato Tun Sambanthan, wadda take dab da cibiyar ƙungiyar makafi ta ƙasar, wani makaho ya shigo da farar sandarsa, ya naɗe ta, ya kama ƙarfe ba tare da lalube ba, kuma tun kafin a sanar da tashar Hang Tuah ya riga ya warware sandar ya fuskanci ƙofa, domin ƙafafunsa sun haddace kwanonin hanyar. Ni da nake da idanu biyu na kasa shiga ƙofa sai da aka nuna mini, shi kuwa da bai taɓa ganin benen da nake ɗaga wa kai ba ya fi ni sanin jirgin nesa ba kusa ba. Abin da ya dame shi daban ne da abin da ya dame ni. Shi so yake jirgi ya zo a kan lokaci, ƙofa ta tsaya inda ta saba tsayawa, kuma idan ya sauka ya sami hanyar da za ta kai shi jirgin wani layin ba tare da ya tsallaka titi ba.

Daga nan ra'ayina ya samo asali. Ina ganin daɗin da baƙo yake ji a karon farko ba shi ne ma'aunin da ya dace a auna irin wannan aiki da shi ba, kuma ina zargin cewa da yawa daga cikin manyan ayyukan da shugabanni suke ɗauko wa biranensu an yanke shawararsu ne a irin kujerar da na zauna, a bakin taga, cikin sanyin na'ura, a ziyarar kwana uku. Baƙo raɓa ne, da hantsi ya tafi. Yana ganin jirgi a ranar da ya yi kyau, bai san ranar da ya tsaya ba, bai san wanda yake biyan bashinsa ba, bai san shekarun da ɗan gari ya yi yana tafiyar ƙasa cikin ruwan sama tsakanin wannan tasha da waccan ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma monorel, saboda yadda aka yi shi, injin hange ne da babu kamarsa.

Da na koma masauki na bi tarihin layin, sai na tarar labarin bai yi santsin tafiyar ba. A shekarun 1990, zamanin Firaminista Mahathir Mohamad, tattalin arzikin Malesiya yana bunƙasa, birnin yana shirin karɓar wasannin ƙasashe renon Ingila na 1998, sai gwamnati ta raba aikin jiragen cikin gari ga kamfanoni masu zaman kansu, kowanne da layinsa. Layin STAR ya fara aiki a 1996, layin PUTRA a 1998. Shi kuwa monorel, wanda aka tsara da fasahar kamfanin Hitachi na Japan, guguwar karyewar kuɗaɗen ƙasashen Asiya ta 1997 ta rutsa da shi. Kuɗin ƙasar, ringit, wanda ake canzar da kimanin biyu da rabi a kan dala ɗaya, ya faɗi har ya haura huɗu, kafin gwamnati ta ɗaure shi a kan 3.80 a watan Satumban 1998. Sayen taragai daga waje ya zama abin da ba zai yiwu ba, aiki ya tsaya, sannan aka farfaɗo da shi da taragan da wani kamfanin cikin gida ya ƙera. Ba a buɗe layin ba sai ranar 31 ga Agustan 2003, ranar bikin 'yancin ƙasar, shekara biyar bayan 'yan wasa sun tattara sun koma gidajensu, kuma ya ci ringit biliyan 1.18.

Shekara huɗu kacal bayan buɗewa, wato a 2007, kamfanin da ya gina layin yake kuma gudanar da shi ya kasa biyan bashin banki, ya durƙushe, sai kamfanin gwamnati mai suna Prasarana ya karɓe shi da bashinsa. Ba shi ne na farko ba, domin tun a 2002 wannan kamfani ya riga ya karɓe STAR da PUTRA saboda irin wannan dalili. Ma'ana, layuka uku, kamfanoni uku, kuma babu ɗaya da kuɗin tikiti ya iya riƙe shi. Wannan ba abin kunya ba ne ga Malesiya, domin a mafi yawan biranen duniya jirgin cikin gari da tallafin gwamnati yake rayuwa. Abin lura shi ne a can an sami hukumar da ta tari aikin lokacin da ya faɗo, ta ci gaba da biyan ma'aikata da sayen tayoyi da gyaran ƙofofi shekara da shekaru. Wannan ɗawainiya ita ce ainihin abin da na hau a wancan yammaci, kuma ba a ganin ta ta taga.

Akwai kuma wata illa da rabon aikin ya haifar, wadda ta fi taɓa ɗan gari kai tsaye. Tunda kowane kamfani nasa ya sani, tashoshin ba su haɗu ba, tikitin ma kowa da nasa. Mutum zai sauka daga wannan jirgi, ya fito titi, ya yi tafiya, ya sake bin layi ya sayi wani tikitin. Katafaren kantin nan da muka ratsa daga KL Sentral, wanda na ɗauka tun fil'azal haka aka tsara shi, ashe sai a 2014 aka buɗe shi. Kafin nan, fiye da shekara goma, fasinja da kayansa sai ya fito daga babbar tasha ya tsallaka titi, a garin da ruwan sama yakan sauko da yamma kamar da bakin ƙwarya, kafin ya kai ga tashar monorel mai suna iri ɗaya da wadda ya baro. An ɗauki shekaru ana ɗinke irin waɗannan ɓarakoki, ana haɗa tikiti, ana gina hanyoyin ƙafa masu rufi, har aka kai yau da ɗan ƙasa yake iya sayen katin wata na ringit 50 ya hau jiragen da bas ɗin hukumar iya son ransa. A ganina amfanin monorel ɗin ya ƙaru ne a duk lokacin da aka haɗa shi da wani abu, a Hang Tuah da Titiwangsa an haɗa shi da tsofaffin layuka, a Bukit Bintang kuma da sabon layin ƙarƙashin ƙasa da ya iso a 2017. Shi kaɗai, kilomita takwas da ɗoriya ne da suke zagaya unguwar kantuna da otal-otal.

Ita kanta fasahar tana da inda ta yi fice da inda ta gaza, kuma adalci ne a faɗi duka biyun. Tayar roba tana kama siminti fiye da yadda ƙarfe yake kama ƙarfe, don haka monorel yana hawa tudun da jirgin ƙasa zai yi santsi a kansa, yana kuma shan kwanar da wancan ba zai iya ba. Gungumensa siriri ne, ba ya rufe sararin titi ya mai da ƙasa duhu, ginshiƙansa suna iya tsayawa a tsakiyar hanya ba tare da an rushe unguwa ba, ƙararsa kuma ba ta kai ta ƙarfe ba. A ɗaya ɓangaren, idan ana son jirgin ƙasa ya sauya layi ɗan harshen ƙarfe ake turawa, amma a monorel gungumen sukutum ake motsawa, abin da yake sa reshe da mahaɗa su yi tsada su kuma yi nawa. Idan jirgi ya lalace a tsakanin tashoshi, a layin da ba a yi masa hanyar ƙafa a gefe ba, fasinja ba shi da inda zai taka, sai a kawo wani jirgin ko motar kashe gobara mai tsani. Tayoyi suna cinyewa, dole a riƙa sauya su. Abin da ya fi duka nauyi a wurina shi ne kamfanonin da suke ƙera irin wannan jirgi 'yan kaɗan ne, kuma gungumen kowa da awonsa, saboda haka birnin da ya saya daga hannun wani ya ɗaura aure ne da ba a cika samun saki a cikinsa ba. Mumbai ta ɗanɗana wannan. Ta buɗe layinta a 2014 da taragan kamfanin Scomi na Malesiya, a ƙarshen 2018 hukumar birnin ta soke kwangilar gudanarwa, daga nan ta shiga faɗi-tashin neman kayan gyara da sabbin taragai.

Idan aka duba inda monorel ya zauna da gindinsa, za a ga ƙasar wurin ce ta kira shi. Wuppertal ta Jamus gari ne da ya miƙe a cikin kwari, babu fili sai saman kogi, shi ya sa tun 1901 suka rataye jirginsu a kan ruwan, kuma har yau da shi mutanen garin suke zuwa aiki. Tokiyo ta buɗe nata a watan Satumban 1964, makonni kaɗan kafin wasannin Olamfik, don haɗa filin jirgin sama na Haneda da cikin gari ta bakin teku, aiki guda ɗaya bayyananne wanda yake yi har gobe. Chongqing ta ƙasar Sin birni ne na duwatsu da koguna, inda titi yake hawa yana gangarowa, a can ne ake da layin monorel mai tsawon fiye da kilomita 60 da yake ɗaukar jama'a kamar kowane babban jirgin birni. Hoton da ya fi yawo a intanet daga can shi ne na tashar Liziba, inda jirgi yake shigewa ta cikin benen da mutane suke zaune, kuma wannan ma kallon baƙo ne, domin mai kallon bidiyon ba ya tambayar dalilin da ya sa aka zaɓi tayar roba a garin tudu. Sidni ta Ostireliya kuwa ta gina nata a 1988, zagaye ne na kilomita uku da rabi da 'yan kai tsakanin cikin gari da wurin shaƙatawa na bakin ruwa. Baƙi sun so shi, 'yan gari ba su ga inda zai kai su ba, a watan Yunin 2013 aka rufe shi aka kwance ginshiƙan.

Ban so in jawo maganar gida ba, amma ta jawo kanta, domin Najeriya ma ta taɓa sayen wannan hoto. A zamanin Gwamna Rotimi Amaechi jihar Ribas ta fara gina monorel a Fatakwal, aka kafa ginshiƙai da gungume na 'yan kilomitoci a tsakiyar gari, aka kawo tarago, amma layin bai kai ga jigilar jama'a ba, gwamnatin Nyesom Wike da ta gaje shi a 2015 kuma ta ce ba za ta ci gaba da shi ba. Ba na cikin masu cewa mugunta ce ta kawo aikin, kuma ba na cikin masu cewa hassada ce kawai ta kashe shi. Abin da na gani shi ne an fara daga samfurin jirgi aka koma neman hanyar da zai bi, maimakon a fara daga tambayar ina mutane suke kwana, ina suke wuni, nawa suke iya biya, sannan a nemi abin hawan da ya dace da amsar. Jirgin Abuja, wanda ba monorel ba ne, ya nuna wani gefen matsalar. An buɗe shi a watan Yulin 2018, ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai a watan Mayun 2024, kuma ƙorafin da aka fi yi a kansa tun farko shi ne tashoshinsa sun yi nisa da inda ma'aikata suke zaune. Legas da ta fara da bas masu keɓantacciyar hanya a 2008, tsakanin Mile 12 da CMS, ta ɗebi mutane tun ranar farko da kuɗin da bai kama ƙafar na jirgi ba, ta kuma koyi sana'ar tara kuɗin mota da tsara lokaci shekara goma sha biyar kafin jirginta na farko ya fara aiki a 2023.

Za a iya ce mini na cika tsaurin ido, na ci moriyar abu sannan na dawo ina kushe shi, ko kuma ina so a ce talaka bai cancanci abu mai kyau ba, bas ya ishe shi. Wannan suka tana da ƙarfi, ban kuma raina ta ba. Birni yana bukatar abin da zai ɗaga kai ya kalla, kuma yaron da ya taso yana ganin jirgi yana wucewa ta saman unguwarsu a kan lokaci, kullum, yana tasowa ne da yardar cewa a ƙasarsu ma abu yana iya aiki. Baƙo ma ba banza ba ne, kuɗi yake kawowa, kuma wani ɓangare na cinikin kantunan unguwar Bukit Bintang a kan irina yake, waɗanda jirgin ya sauƙaƙa wa zuwa. Haka nan ban yarda da masu cewa kada a yi babban aiki sai an gama ƙananan duka ba, domin da haka ake shekara hamsin ana cike ramukan titi guda. Inda na tsaya shi ne kyau da burgewa riba ce da take biyo bayan aiki, ba su ne uwar kuɗi ba. Idan gwamna ko kwamishina ya dawo daga ziyara yana ba da labarin yadda ya ga birni daga sama, ina so wani a majalisa ko a gidan rediyo ya tambaye shi ko ya hau jirgin da ƙarfe bakwai na safe, ko ya sauka ya nemi bas ɗin da zai ƙarasa da shi, ko ya tambayi nawa gwamnatin can take zubawa a kowace shekara don kada jirgin ya tsaya, daga ina wutar lantarkinsa take zuwa, kuma wa zai sayar mana da taya bayan shekara goma sha biyar idan kamfanin ya rufe. A birni shimfiɗaɗɗe irin Kano, mai faɗin tituna da ƙarancin tudu, wanda adaidaita sahu take ɗauke da mafi yawan zirga-zirgarsa, sai an yi dogon bayani kafin a gamsar da ni cewa fa'idar hawa tudu da shan kwana ita ce abin da ya kamata a biya da tsada.

Kwana biyu kafin in baro garin na sake hawa jirgin, wannan karon ni kaɗai, da sassafe, daga Chow Kit, unguwar babbar kasuwar kayan miya da kifi. An kwana ana ruwa, matakalar tashar ta jiƙe. Jirgin farko ya zo a cike, na matsa gefe na bar shi ya wuce, na biyu na samu na kutsa, na tsaya a tsakiya inda babu taga sai kafaɗun mutane. Kusa da ni wata mata ce da leda biyu, ɗaya ta ganye ɗaya ta kifi, ta ajiye su a tsakanin ƙafafunta tana tare su da sawu duk lokacin da taragon ya kwanta a kwana. Wani saurayi mai rigar masu gadin kanti yana barci a tsaye, goshinsa a kan hannun da ya riƙe ƙarfe da shi. Ban ga Merdeka 118 ba a wannan tafiya, ban ma san lokacin da muka wuce shi ba. A Hang Tuah rabin taragon ya zube waje, suka nufi matakalar ɗaya layin da sauri, matar ta sunkuya ta ɗauki ledojinta ta bi su, ni kuma na laluba aljihu na tabbatar faifan robana yana nan.